Ni da Malam a Lungunan Fas

Tun ina amarya nake jin Malam yana ambaton birnin Fas, domin mahaifinsa muƙaddami ne a ɗariƙar Tijjaniyya, kuma Allah Ya karɓi ransa yana da burin ziyartar hubbaren Shehu Ahmadu Tijjani bai samu iko ba. Da Malam ya yi ritaya daga koyarwa, aka biya shi kuɗin sallama bayan dogon jira, sai ya ware wani kaso ya ce wannan na Maroko ne, kuma ba zai tafi shi kaɗai ba. Ban amsa nan take ba. Shekara da shekaru ina fama da ciwon suga, gwiwata ta dama kuma ba ta shiri da matakala, ga shi duk wanda ya taɓa zuwa sai ya ce tsohon garin nan da ƙafa ake shigarsa, da ƙafa ake fita. 'Ya'yanmu ma suka rabu biyu, babbar ta ce in zauna gida in huta, autan kuwa ya ce idan ban je yanzu da sauran ƙarfina ba, sai yaushe?

Likitar da ke duba ni ba ta hana ba, sai dai ta gindaya sharuɗɗa. Ta ce magungunana su zauna a jakar hannu tare da takardar asibiti mai ɗauke da sunayensu, kada in kuskura in sa su a akwatin da za a auna. Ta ce in riƙe na'urar gwada suga da 'yan dabino a duk inda nake, saboda doguwar tafiyar ƙasa tana iya sa suga ya faɗi ba zato, kada kuma in tafi da sabon takalmin da ƙafata ba ta saba da shi ba, sannan kowane dare in duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu, domin mai suga yakan ji rauni bai sani ba. Daga nan ta juya ga Malam, wanda ya rako ni, ta lissafa masa alamomin faɗuwar suga: rawar jiki, gumi, jiri, da saurin fushi ba gaira ba dalili. Malam ya yi murmushi ya ce wannan ta ƙarshen ya daɗe da saninta.

Bayan biza ta fito daga ofishin jakadancin Maroko da ke Abuja, muka bi ta Legas a cikin watan Nuwamba, jirgi ya sauke mu a filin jirgin sama na Muhammad na Biyar da ke Kasabalanka bayan tafiyar kimanin awa huɗu da rabi. Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin ginin filin take, don haka ba mu sha wahalar neman mota ba. Muka canja jirgi a cikin gari, muka kama wanda ke bi ta Rabat da Kenitra da Maknas zuwa Fas, tafiyar da ta ci kusan awa huɗu. Malam ya so mu sayi tikiti mai araha, ni kuwa na dage a kan mu ƙara kuɗi mu shiga tarago na farko, inda mutum shida ke zama a ɗaki ɗaya kowa da lambar kujerarsa, saboda in samu wurin miƙe ƙafa. Wannan ce gardamarmu ta farko a ƙasar mutane, kuma ta ƙare da sauri, domin kafin mu wuce Rabat shi ne ya fara barci ya bar ni ina kallon gonakin zaitun da garken tumaki ta taga.

Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Tasi ta ajiye mu kusa da Bab Bujulud, ƙofar da aka gina a 1913, wadda fuskarta ta waje shuɗiya ce ta ciki kuma koriya, wani mai kura ya ɗora akwatunanmu muka bi shi ta lungunan da wasunsu mutum biyu ba sa iya jerawa. Masaukinmu tsohon gida ne mai tsakar gida a tsakiya da ɗakuna kewaye, an lulluɓe bangonsa da ƙananan tayil masu launi, ga 'yar rijiyar ruwa mai ɓuɓɓugowa a tsakiya. Kyau kam ya yi kyau, amma ɗakin da aka tanadar mana a can hawa na uku yake, matakalar kuma siririya ce mai murɗewa, kowace taka tana neman kai rabin ƙauri. Malam mutum ne mai kara, ya raɗa mini cewa mu yi haƙuri kada mu takura wa masu gida daga zuwanmu. Na ce masa, “Malam, idan na hau can yau, gobe kai kaɗai za ka je ziyara.” Ya yi shiru, sannan ya yi wa matar gidan bayani da Larabcinsa na littafi, wanda mutanen gari ke fahimta suna murmushi, ita kuwa ko a jikinta, ta buɗe mana wani ɗaki a ƙasa, har ta ƙaro mana barguna. Bargunan sun yi rana, domin irin waɗannan gidaje don zafi aka gina su, sanyin hunturu kuwa cikin tayil yake kwana. Agogonmu bai canja ba daga na gida, amma ƙarfe bakwai na safe gari da sauran duhu.

Wanda zai je Fas da ciwon ƙafa ya kamata ya san yadda garin yake a kwance. Tsohon birnin a cikin kwari yake, daga Bab Bujulud manyan hanyoyi biyu ne ke gangarawa zuwa tsakiya, Ɗala'a Kabira da Ɗala'a Sagira, sauran lungunan kuma, waɗanda ake cewa sun haura dubu tara, daga jikinsu suke tsirowa su ɓace. Safiyar farko muka kama Ɗala'a Kabira, muka ratsa mahauta da masu kayan miya da masu sayar da zaitun, muka wuce ƙofar makarantar Bu Inaniyya da Sarki Abu Inan ya gina a tsakiyar ƙarni na 14. Malam yana gaba kamar yadda ya saba, zumuɗi ya ƙara masa sauri, ni kuwa ina biye ina auna kowace taka a kan duwatsu masu santsi. Lokaci zuwa lokaci sai a ji an daka tsawa “Balak!”, kowa ya manne da bango, alfadari ya wuce da tulunan gas ko fatu a bayansa. Sau da yawa nakan ɗaga kai in ga hular Malam ta shige kwana, sai ya waiwayo bai gan ni ba ya dawo yana cewa, “Hajiya, ai mun kusa.”

Zawiyar Shehu Tijjani, inda hubbarensa yake, ba ta da nisa da masallacin Ƙarawiyyin, ana gane ta da hasumiyarta mai koren tayil da ƙofofinta masu sassaƙa. Shehu Tijjani ɗan Ainu Madi ne a ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya zauna a Fas daga 1798 a zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. Tun daga bakin lungu muka fara cin karo da baƙaƙen fata irinmu, mafi yawansu mutanen Senegal cikin manyan riguna, da 'yan Mali da 'yan Nijar, har muka ji wani yana waya da Hausa. Na shiga ɓangaren mata na zauna a kan darduma na jingina da ginshiƙi. Daga inda nake ina hangen Malam tsaye a gaban hubbaren, hannayensa a ɗage, kafaɗunsa suna rawa, kuma a duk zaman aurenmu ban taɓa ganin hawayensa a bainar jama'a ba sai ranar. Na san mahaifinsa yake yi wa addu'a. Wata dattijuwa 'yar Senegal da ke gefena ta miƙo mini ruwa, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma da ta fara Salatul Fatihi a hankali sai na kama muka tafi tare.

Komawar ce ta zama aiki. Abin da muka gangaro cikin nishaɗi sai ga shi ya zama hawa mara ƙarewa, ga rana ta yi, ga shi tun karin safe ban sa komai a cikina ba, domin Malam ya zarce da azahar a zawiya. Rabin hanya na ji hannuna yana rawa, gumi yana keto mini duk da sanyin garin. Na zauna a dakalin wani shago na ci dabino, Malam yana tsaye a kaina ya rasa abin faɗa. Muka isa masauki gwiwa ta kumbura, ban yi masa magana ba har bayan isha'i, shi ma ya shige lazimi ya ƙi fitowa da wuri.

A gida idan rai ya ɓaci akwai wurin zuwa. Mace ta shiga kicin, ko ta leƙa maƙwabta, namiji ya fita majalisa, kafin a sake haɗuwa zuciya ta sauka. A baƙon gari ɗaki ɗaya ne, fuska ɗaya ce, kuma babu wanda kake iya yi wa magana da harshenka sai wanda ya ɓata maka rai. Saboda haka daren nan muka zauna muka yi magana ta gaskiya. Na ce masa ban zo don in hana shi abin da ya yi shekaru yana jira ba, amma jikina ba zai iya bin tsarinsa ba, kuma idan na ci gaba da daurewa don in faranta masa, ƙarshenta a gadon asibiti za mu ƙarasa ziyarar. Shi kuma ya ce abin da ke damunsa shi ne kada a ce ya kawo ni ƙasar mutane ya bar ni ni kaɗai a ɗaki. Muka yi yarjejeniya: da safe mu fita tare, ni ce a gaba shi a baya, domin mai rauni shi ke da ikon saurin tafiya, da azahar a ci abinci ko ana ha maza ha mata, daga nan kowa ya kama gabansa har magariba. Washegari matar gidan ta ƙara mana da abin da ya fi komai amfani. Ta ce mu riƙa gangarawa da ƙafa, idan mun gama kada mu juyo, mu ƙarasa ƙasa zuwa dandalin Rasif inda motoci ke iya shigowa, mu hau jar ƙaramar tasi mai mita ta zagayo da mu ta bayan ganuwa zuwa Batha, kusa da masauki. Da 'yan dirhami kaɗan gwiwata ta huta da hawan nan har muka bar garin.

Abinci shi ma sai da na yi masa dabara. Mutanen Maroko ba sa cin komai babu burodi, shayinsu na na'ana'a kuma sukari ake zuba masa kamar ba da kuɗi ake saye ba, ga shi duk shagon da ka tsaya sai an miƙo maka. Malam ya koya mini in ce a ba ni marar sukari, kuma ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, sai dai su dube ni da tausayi. Da safe na fi son bisara, wani fate ne na wake mai kauri da ake kwarara wa man zaitun, yana riƙe ciki har azahar bai tayar mini da suga ba. Da rana sai tajin, wato dahuwar da ake yi a kaskon ƙasa mai murfi, na kaza ko na rago da kayan lambu, in ci naman da ganyen in rage burodin, da dare kuma harira, wata miya ce da ake sha, kwano ɗaya. Bastila, wadda Fas ta yi suna da ita, nama ne a cikin ɓawon fulawa mai ƙaras-ƙaras an barbaɗa masa sukari da kirfa. Na ɗanɗana loma biyu na tura wa Malam, wanda har yau bai yanke hukunci ba ko abinci ne ko kayan zaƙi. Girkinsu akwai ƙamshi amma babu yaji, don haka kwalbar yajin da na ƙunso daga gida ta zauna a jakata tare da na'urar gwaji, kuma ina ganin ta taimaka wa zaman lafiyarmu fiye da yadda Malam zai yarda.

Awannin nan na yamma da nake ni kaɗai, waɗanda Malam ya ji tsoron za su zame mini kaɗaici, su ne suka fi kwantar mini da hankali. Wata rana in hau rufin masauki a hankali in zauna cikin rana da ƙafata a kan matashi, in yi ta kallon hasumiyoyi da shanyar mutane. Wata rana in taka zuwa lambun Jinan Sabil, wanda ba shi da nisa kuma shimfiɗaɗɗe ne babu hawa, in zauna a benci kusa da ruwa inda tsofaffin mata ke kawo jikoki. Na kuma yanke wa kaina cewa ba zan buɗe WhatsApp ba sai sau ɗaya a yini, bayan la'asar. Kafin haka saƙonnin gida sun hana ni sakat: famfo ya lalace, wance ta yi yaji, an ɗaga bikin wane, kowa yana jiran hukuncina kamar ina bayan ɗaki. Na gaya wa babbar 'yarmu cewa duk abin da bai kai rasuwa ko asibiti ba ta yanke da kanta, kuma ta yanke, gidan bai rushe ba.

Wata magariba muka haɗu da Malam a Ƙarawiyyin. Mace ce ta assasa wannan masallaci a shekarar 859, Fatima al-Fihriyya, 'yar wani attajiri da ya yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya, da dukiyar gadonta ta gina shi, 'yar'uwarta Maryam kuma ta gina masallacin Andalus a ɗaya ƙetaren kogin da ya ratsa garin. Na daɗe ina juya wannan a raina ina zaune a sahun mata. Bayan an sallame sai maza suka yi da'ira suka fara karatun izu da murya ɗaya, da ƙira'ar Warshu, irin wadda aka koya mana a allo muna yara, Alƙur'anan da ke kan kanta ma rubutunsu ɗan'uwan namu ne na tsangaya. Tun da muka zo, ranar ce na fara jin cewa ba baƙuwa ce ni sosai ba.

Matar gidan ce ta ja ni gidan wankan unguwa, bayan ta ga yadda nake ɗingishi da safe. Akwai lokacin mata akwai na maza. Muka tafi da bokiti da 'yar tabarmar roba, a hanya ta saya mini baƙin sabulu mai laushi da ake yi da zaitun, da safar hannu mai kaushi, da wata ƙasa da ake haƙowa daga duwatsun Atlas ana kiranta gasul. Ɗakuna ne a jere, kowane ya fi na bayansa zafi, ƙasa da bango duk ɗumi, tururi ya cika ko'ina, mata suna zaune a ƙasa da 'ya'yansu suna hira kamar a gidan suna. Saboda yanayina ban shiga na can ciki ba, na tsaya a na tsakiya da gorar ruwan sha kusa da ni. Aka shafe ni da sabulun aka bar ni na ɗan jima, sannan wata ƙaƙƙarfar mata mai aikin cuɗa ta ɗauraye ni ta sa safar nan ta fara gurza, tun daga wuya har diddige, tana juya ni yadda ta ga dama, tana nuna mini abin da ke fita daga fatata tana dariya. Na nuna mata ƙafafuna na yi mata alamar ta bi a hankali, ta gane. Wadda ta taɓa zama a hannun mai dilka kafin biki ta san irin wannan azaba mai daɗi, sai dai a nan ba amarya kaɗai ake yi wa ba, mace mai jikoki ma duk mako tana zuwa, kuma babu mai cewa ta cika son jiki. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu a wajenmu da zarar mace ta aurar da 'ya, kula da jikinta sai ya koma abin da take yi a ɓoye ko ta bari gaba ɗaya. Na fito jikina sakayau, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin a fara maganar biza.

Majemar Shawara tare muka je da safe. Ta cikin shagunan masu kayan fata ake hawa a leƙa ta daga sama, a bakin ƙofa kuma ana miƙa wa kowa reshen na'ana'a ya kanga a hanci saboda wari. A ƙasa ramuka ne birjik, farare na jiƙa fata da masu launi na rini, majema suna tsaye a ciki har cinya suna tattakawa, kuma kashin tattabara yana cikin abin da suke tausasa fatar da shi. Malam ya ƙi karɓar na'ana'ar, ya ce wanda ya tashi yana wucewa ta unguwar Majema a Kano ba a yi masa wannan gata. Ya shiga ba mai shagon labarin cewa da yawa daga fatar da Turawa suka riƙa kira fatar Maroko a da, fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka ƙetara da ita Sahara. Mai shagon ya saurara da ladabi, ya jinjina kai, sannan ya tsuga masa kuɗin takalmi ninki uku. Ciniki ni na karɓa.

Ba komai ne ya yi daɗi ba. Akwai samarin da ke tsayawa a bakin lungu su ce maka hanyar nan a rufe take, su bi ka suna nuna wata, a ƙarshe su miƙo hannu, idan ka ba su kaɗan su ɓata fuska. Akwai yaran da suka bi mu suna kiran “Senegal, Senegal”, wasu da wasa, wasu kuma da wata murya da ba sai an fassara maka ita ba. Malam abin yana ci masa rai, yakan ɗauko shi ya kawo har kan abincin dare. Ni kuwa na lura cewa a yini guda mutum goma sun yi mana alheri, mai shagon da ya fito mini da kujera, yarinyar da ta kama hannuna a gangare, tsohon da ya raka mu har ƙofar zawiya ya ƙi karɓar ko sisi, amma maganar yaro ɗaya ce ke neman cinye hirarmu. Sai na ɗauki al'adar idan mun zauna cin abinci in riga shi da tambayar wa ya kyautata masa yau. Da farko yana amsawa da ƙyar, daga baya har shi ke fara kawo nasa.

Ana cikin haka aka kwana ana ruwa, shi kuma Malam, wanda tun zuwanmu yake fita asuba da kaftani mara nauyi babu safa, ya wayi gari da mura da tari da zazzaɓi. Duk tanadin da aka yi saboda ni aka yi shi, babu wanda ya kawo cewa shi ne zai kwanta. Na bar shi a ƙarƙashin barguna na fita ni kaɗai, na sami kantin magani da alamar da ke haskawa kore a ƙofarsa, na kwatanta musu da hannu da 'yan kalmomin da na tsinta, sannan na biya ta kasuwa na sayo masa jallabiyar ulu mai hula irin ta mutanen gari da safa mai kauri. Abin da ya fi zazzaɓin damunsa shi ne ya rasa wazifa a zawiya, yana ta lissafin kuɗin da aka kashe da kwanakin da suka rage. Na ce masa, “Malam, kai ka ce mini niyya ake dubawa. Yi wazifarka a nan, Shehu bai ce sai ka suma a ƙofarsa ba.” Ya harare ni, sannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matar gidan ta aiko da harira mai zafi da lemun tsami, na zauna gefensa ina ɓare masa lemo, wanda lokacinsa ne kuma araha kamar banza.

Allah Ya sa ya warware kafin Juma'a. Ranar yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, gidaje kuma duk ƙamshin kuskus, mu ma an kawo mana namu a faranti ɗaya da kabewa da karas a sama. Bayan la'asar muka gangara zawiya, ni a gaba shi a baya cikin jallabiyarsa, har wani ya yi masa sallama da yaren gari yana zaton ɗan unguwa ne. Wurin ya cika maƙil, aka ɗauki hailala da murya ɗaya har faɗuwar rana, Balarabe da Bawolofe da Bahaushe kafaɗa da kafaɗa. Na zauna a kujerar roba da wata baiwar Allah ta ba ni saboda gwiwa, dabinona a cikin jaka, ban buƙace su ba.

A hanyar dawowa muka kwana a Kasabalanka don mu ga masallacin Hassan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993, wani sashensa a kan tekun Atilantika yake, hasumiyarsa kuma ta kai mita 210. Harabarsa shimfiɗaɗɗiya ce, bayan lungunan Fas sai na ji kamar an kwance mini ƙafa, har Malam ne ke cewa in jira shi. A filin jirgi kuma sikeli ya tona mana asiri, akwatunanmu suka haura nauyin da aka yarje mana. Malam ya ce sabulun zaituna da gasul da na jibga ne, ni na ce littattafan fiƙihu da na ɗariƙa da ya yi ta saye a bayan Ƙarawiyyin ne, ma'aikaciyar tana kallonmu tana jira. Muka ja gefe muka buɗe akwatuna a gaban jama'a, na ƙi rage ko ƙulli ɗaya na sabulu, shi ma ya ƙi barin ko mujalladi ɗaya. Ƙarshenta ya ciro jallabiyar ulun ya ɗora a kan kaftaninsa, ya cusa ƙananan littattafan a jakar hannuna, manyan kuma ya rungume su a hammata. A haka muka sauka Legas, zafi ya tarbe mu tun daga bakin jirgi, Malam yana ta gumi a layin duba fasfo yana tambayata ko akwai sauran wuri a jakata da zai sa jallabiyar.